Inna Ta Ɗaga Ido

Zakka, ta Safana,
Maris, 1954.

Zuwa ga Yaya Mani a Kumasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Atika da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Baba Sodangi ya warke daga ciwon ƙafa, har ya koma cin kasuwar Batsari yana yi wa mahauta tsiya kamar da.

Ga hoton Inna da ka daɗe kana roƙo. Ka ce shekaru sun yi yawa har fuskarta ta fara ɓace maka, kuma maganar nan ta tsaya mini a rai. Da na ji wani mai hoto, Malam Sammani, ya zo daga Katsina yana ɗaukar maƙera da dukawa a wurin sana'arsu, sai na lallaɓo shi har bayan gida inda Inna take ginin tukwane. Ya kafa ƙaton akwatinsa mai ƙafa uku, ya lulluɓe kai da baƙin ƙyalle. Ya bar ni na leƙa, na ga Inna da randunanta a kife, kai ƙasa. Ban gaya mata ba, ka san halinta, da a nan za a tashi.

Laifin na bakin Malam Sammani ne. Ya ce ta dubi idon akwatin kamar tana duban wanda za a aika wa. Shi ke nan, Inna ta sunkuyar da kai. Kai ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa haɗa ido da kai ba, to yau a gaban baƙo za ta fara? Hoton farko ya tafi a kan ɗankwali da yumɓu. Ya ce fim ɗinsa saura ɗaya, gobe kuma zai wuce Ruma. Wallahi raina ya ɓaci, na ga za ka ƙare da hoton ɗankwali.

Gwaggo Kande ce ta fitar da mu. Ta ce wa ya yi zancen wancan, ai hoton na ɗanka Maude ne, jikan Inna, mijinta na Kumasi da bai taɓa ganin amaryarsa ba. Inna ta ce in dai don wannan malalacin miji ne, to. Ta goge hannu a zane, ta zauna kusa da tulun da ba ta gama ba. Malam Sammani ya cire murfin idon akwatin, ya ce kada ta motsa. Yaya, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na tsaya a bayan akwatin, kuma na rantse ba jika ake yi wa irin wannan kallo ba. Sai da na juya na share hawaye.

Ka gaishe da Atika da Maude da Ruƙayyatu. Gwaggo Kande da Baba Sodangi da Hansai suna gaishe ka. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, ka san ba za ta ce ba. Ta dai tare ni a zaure da safen nan, tana kallon bango, ta tambaye ni ko idanun sun fito sosai.

Sun fito. Ka duba da kanka.

Ni ne ƙanenka,
Armaya'u.