Aninin Goggo Yelwa

Litinin, 22 ga Janairu, 1973
Tun da naira ta shigo, yaran aji shida ba su da zance sai sababbin kuɗi. Na ce to, kafin tsofaffin su ɓace, kowa ya leƙa ɗakin kakarsa ya kawo mana abin da ya samu: kwabo mai huda, anini, taro, sisi. Da su za mu karanta tarihi bana. Sun yi ta tsalle. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Juma'a, 26 ga Janairu
Gwangwanin madara ya kusa cika da tsofaffin kuɗin. Duk sun yi baƙi, wasu kore shar, wasu kamar an tono su a gindin juji. Matata Mairamu ta ba ni tsamiya da toka, irin yadda take wanke tasoshinta na jere. Na zauna a tsakar gida na yi ta dirza. Ta ce, "Malam, yau kai ne amaryar?" Sun fito wal.

Laraba, 31 ga Janairu
Malama Juliana, sabuwar malamar aji biyar da aka kawo daga Kaltungo, ita ma wai ta fara tarawa. Ni fa na fara! Ta ce tun tana kwaleji take yi, har da littafinta na hotunan kuɗi. To, Allah ya ba da sa'a.

Asabar, 3 ga Fabrairu
Na je Tudun Wada gaida Goggo Yelwa, ƙanwar babana. Da ta ji abin da nake yi, ta kwance wani tsumma ta ba ni anini goma sha ɗaya, waɗanda ake saƙala mata a kitso tana yarinya a ruga. Goma masu nauyi ne. Ɗayan kuwa ba nauyi sam, kamar ganye, ya yi fari-fari, duk ya ciccinye. Ta ce, "Wannan na innata ne, ya girme ni." Na ce to, Goggo. A raina na ce jabu ne aka cuci tsohuwa da shi.

Alhamis, 8 ga Fabrairu
Lokacin hutun tara, yarana bakwai suna ajin Juliana. Bakwai! Na leƙa ta taga. Ta shimfiɗa auduga cikin kwalayen ashana, kowane kuɗi da ɗakinsa da 'yar takarda. Ba ta wanke ko ɗaya ba. Tsohon burushin haƙori kawai take sa wa a hankali, ta hure ƙurar. Su kuma sun zagaye ta, baki buɗe, kamar ba ni na koya musu riƙon alƙalami ba.

Talata, 13 ga Fabrairu
Hedimasta ya ce ranar iyaye tebur ɗaya za a ba tarihi, a bakin zaure, kuma wanda aka ba teburin shi zai riƙe ƙungiyar tarihin makaranta. Wani abokinsa da ke aiki a gidan adana kayan tarihi zai zo ya duba namu biyun ya zaɓa. Shekara huɗu ina roƙon a kafa ƙungiyar nan.
Na ƙara dirzawa, wannan karon har da yashi mai laushi.

Alhamis, 15 ga Fabrairu
Juliana ta ga nawa a ofis. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ce, "Malam Bamanga, don Allah ka daina wanke su, shekarar tana gogewa." Na ce mu a gidanmu ba a nuna wa baƙo abu da datti. Sai idonta ya faɗa kan na Goggo mara nauyin, wanda ban ɓata tsamiyata a kansa ba. Ta tambaya ko zan ara mata ta duba a littafi. Na ce ɗauka, na bar miki, ai ya fi dacewa da naki.
Na faɗa ne don ta ji zafi. Godiya ta yi min.

Talata, 20 ga Fabrairu
Yara sun fara ce mata "Malamar anini". Ni ba a sa mini komai ba.

Asabar, 24 ga Fabrairu
Baƙon ya zo. Na jera nawa kan farin ƙyalle, rana ta haske su, har hedimasta ya ce masha Allah. Mutumin ya ciro gilashi ya duba ɗaya, biyu, uku. Ya ce, "Wa ya yi musu wannan aiki?" Na ce ni ne, da fara'ata. Ya ce, "Malam, ka yi ƙoƙari, amma ka wanke har da shekarun. Wannan kam sai dai a ɗinka shi a riga a madadin maɓalli." Aka yi dariya. Ni ma na yi, haƙora kawai.
A teburinta ya daɗe. Da ya kai kan mara nauyin nan sai ya gyara tsayuwa. Wai na alminiyam ne, na 1908, cikin na farko-farko da aka kawo ƙasar nan, kuma don saurin lalacewarsu aka daina buga irinsu. Rashin nauyin da na raina, shi ne shaidarsa.
Na tsaya ina jira ta ce nata ne. Wallahi so nake ta faɗa, in samu abin riƙewa. Sai ta ce, "Na goggon Malam Bamanga ne, shi ya samo."
Tebur nata. Ƙungiya tata.

Lahadi, 25 ga Fabrairu
Ban fita ba. Na duba sauran goman Goggo. Sumul, ba a ganin ko tauraron da ke jikinsu. Shekara nawa ta ɓoye su a tsumma ba abin da ya same su, sai da suka zo hannun mai ilimi.

Laraba, 28 ga Fabrairu
Juliana ta aiko min da kwalin ashanar aninin Goggo in duba takardar. Ta rubuta sunan Goggo, na innarta kuwa ta bar fili, ta sa alamar tambaya. A ƙasa ta ƙara da fensir: akwai rubutun Larabci a jikin kuɗin, ita ba ta iya karantawa, ko zan zo in karanta wa yara ranar Juma'a?
Ban ba da amsa ba. Ban ma san sunan kakar tawa ba, abin kunya.

Juma'a, 2 ga Maris
Na biya Tudun Wada da sassafe. Ashe sunan kakata Kadijatu. Goggo ta yi ta ba ni labarinta har na kusa makara, ta kuma laluɓo min wani kwabo kore shar a ƙasan akwati.
Na je ajin. Don yaran na je. Na karanta, sun yi tambayoyi har aka buga ƙararrawa ba wanda ya tashi.
Kwabon yana aljihuna a nannaɗe cikin auduga. Mairamu ta jiƙa tsamiya ta ajiye min, na ce ta yi kunu da ita. Burushin Juliana kuwa aro na yi, zuwa Litinin kawai.