Kada a Rushe Tsohuwar Majami'ar Tudun Maiwa

Zuwa ga Baba Dikin Ishaya, shugaban kwamitin gini na Ikilisiyar Baftis ta Tudun Maiwa.

Gaisuwa da girmamawa cikin sunan Ubangiji. Ina gaida Mama, da Rabaran, da dukan dattawa. Yaya damina, yaya kuma haƙuri da wannan annoba ta korona? Ni ce Saratu, 'yar marigayiya Alheri, ina karatu a Malesiya.

Baba, na fito fili ne don sau biyu ina aiko maka da saƙo ta waya, shiru. Lahadin da ta wuce ina ɗakina a unguwar Sentul, gari a kulle, sai yayata Laraba ta turo mini hoto: bencinan tsohuwar majami'a a waje ruwa yana dukansu, an ɓalle tagogi biyu. Ta ce kwamitinku ya yanke a rushe ginin, tunda sabon ya kusa kammala. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Na farko, ba na jayayya da sabon gini, kuma ban manta ko kai wane ne ba. Daga bakinka na ji yadda kakanninmu suka fara sujada a gindin ɗorawa, da yadda suka jira aka gama girbin dawa sannan suka buga tubali, mata na jido ruwa daga rafi. Kai ka gaya mana Malam Audu maƙeri, Musulmi, shi ya ƙera ƙyauren, ya ce hakkin maƙwabtaka ne. Da idona kuma na ga ka hau rufi, da furfurarka, shekarar da iska ta kwashe kwano. A ɗakin nan manoma suka koyi rubuta sunansu, a nan ake jibge doya da citta da acca ranar godiyar kaka har a rasa hanyar wucewa. Mutanen da ba su da komai sai fartanya ne suka tsayar da shi, har yau bai rusuna ba.

Na biyu, kowace shekara kafin Kirsimeti mahaifiyata ke jagorantar zumuntar mata su yi wa ɗakin daɓe da makuba. Ta rasu jirage ba sa tashi. Ta waya na kalli jana'izarta, hoton yana yankewa, ina ta kiran Laraba ta ɗaga wayar sama ko zan ga fuskar mahaifiyata. Daɓen da ke ƙasan nan yanzu shi ne aikinta na ƙarshe, kuma ban taka shi ba tukuna.

Na uku, an yanke wannan shawara lokacin da aka hana taro. Ba a kira ikilisiya ba, ba a tambayi matan da suke share wurin tun ba a haife ni ba. Mu Baftis da ɗaga hannu muke yanke magana, kai ka koya mana haka.

Na huɗu, ginin zai iya rayuwa. Kafin kulle nakan je sujada a unguwar Brickfields, inda tsofaffin wuraren ibada ke zaune lafiya a tsakanin dogayen benaye. Hajara, Bakanuwar da muke gida ɗaya, zanen gine-gine take karantawa. Ta daɗe tana duba hotunan, ta ce bangon lafiyarsa lau, yaɓe kawai yake so da hanyar ruwa a gindinsa. Ta ce za ta zana muku yadda za a yi.

Don haka ina roƙo a mayar da bencinan ciki tun ba su ruɓe ba, a ciro littafin baftisma daga akwati kafin gara ta cinye sunayen, a dakatar da rusau har ikilisiya ta zauna, maza da mata. Ɗakin zai yi wa makarantar Lahadi amfani. In kuwa ikilisiya ta ɗaga hannu ta ce a rushe, zan yi biyayya. Sai dai ku jira ni in zo in durƙusa a ciki sau ɗaya.

Ubangiji ya ƙara maka lafiya da tsawon rai, ya ba ku damina mai albarka, ya kawar mana da wannan cuta.

Wassalam.

'Yarka,
Saratu
Sentul, Kuala Lumpur