Ruwan Ɗumi a Gindin Dao

Ƙanwata Nhài,

Ina gaishe ku. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau a Taiwan, sanyi ne kawai ya tsattsaga min hannu. Kada ki gaya mata.

Na ji Baffa Tuất, bayan ya kore ku daga gidanmu, yana cika baki a kasuwa: "Ranar bikin Tet na sabuwar shekara ku zo ku ga furen bishiyata!" Tasa? Baba ne ya dasa bishiyar nan ta dao ranar haihuwata.

Gindinta na jikin shinge. Kullum ki zuba mata ruwan ɗumi ta waje, ban da tafasasshe. Za ta yi fure da wuri, ya kakkaɓe kafin bikin. Baƙinsa su zo su yaba ƙirare.

Kakanni su tsare ku.

Yayarki,
Thoa