Ɗiyar Mai Buga Ƙararrawa Ba Ta Makara

Zuwa ga Mai Girma Fada, shugaban shirin karatun hutu na ɗaliban sakandare na Katolika.

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya, kai da Sistoci da malamai baki ɗaya.

Ni ne Bulus Ɗan'asabe, manomi a wani ƙauye da ke yamma da Daudawa, kuma mai buga ƙararrawar cocinmu tun kafin a yi mata rufin kwano. Ina so ka sani da hannuna na rubuta wannan, domin bara na kammala ajin yaƙi da jahilci, na zo na biyu. Ba wanda ya riƙe mini alƙalami.

Na ɗaya. Shirin nan da kuka kafa, inda yara suke koyon lissafi da Turanci da kimiyya da safe, da yamma su shiga katikisim, abin alheri ne. Ɗiyata Sisiliya, 'yar aji biyar, ta zauna jarrabawar shiga tare da yaran birni, ta ci. Ita ke karanta mana darasi na farko ranar Lahadi, har tsofaffi suna ɗaga kai. Kakanta ya rasu bai san baƙi ba, ga shi jikarsa tana maganar zama likita. Da labarin ya iso, matan zumunta sun yi guɗa, maƙwabtanmu Musulmi ma sun shigo barka.

Na biyu, kuma nan kukana yake. Kun yanke cewa duk wanda bai iso ranar buɗewa ba, gurbinsa ya faɗi. Ranka ya daɗe, wanda ya tsara wannan doka bai taɓa kwana a ƙauyenmu ba. Tun da hanya ta lalace da 'yan bindiga, mota ba ta fita daga wurinmu sai ranar kasuwar 'Yankara, direbobi su jeru su tafi tare. Sanarwarku ta iso mana bayan kasuwa ta ci. Da kasuwa ta zagayo, Sisiliya ta shiga motar farko, a saman buhunan masara. Ta iso ƙofarku, aka ce ta makara, aka juyo da ita. Ko ruwa ba a ba ta ba. Alhaji Sule direba ne ya maido mini da ita, yana ba ta haƙuri.

Na uku. Kalmar makara ta yi mini ciwo. Ni nake tada gari zuwa addu'ar safe, damina da rani, har mutane suna saita agogonsu da bugun hannuna. A gidana ba a makara. Da na ɗora ta a babur ta bi daji ita kaɗai don ta cika dokarku, me za ku gaya wa uwarta in ba ta iso ba?

Saboda haka ina roƙo a mayar wa Sisiliya gurbinta, tun da jarrabawar fita sakandare tana gabanta, kuma a ajin nan ake shirya masu karɓar sakramentin Ƙarfafawa, wato tabbatarwa cikin bangaskiya. A kuma riƙa tambayar katikis, wato malaman cocin ƙauyuka, kafin a sa ranar buɗewa.

Akwatinta yana nan bakin ƙofa, ta ƙi kwance shi. Ranar kasuwa mai zuwa ni da kaina zan rako ta, da farar rigata ta Ista. A safiyar nan ƙararrawar cocinmu za ta yi shiru, abin da ba ta taɓa yi ba. Duk wanda ya tambaya, za a ce masa Bulus yana tsaye a ƙofar Fada.

Allah ya ƙara maka lafiya da hikima, ya tsare maka hanyoyinka, ya albarkaci yaran da ke hannunka.

Wassalam.

Naka cikin Almasihu,
Bulus Ɗan'asabe, mai ƙararrawa.