Wata Huɗu Ina Tofarwa

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Yau wata huɗu cif ban sha maganina ba. Kullum da safe nakan kai ƙwayar baki a gaban Umma, in shiga banɗaki in tofar. Wani biki da muka je Maiduguri ne ya jawo. Mu tara a ɗaki ɗaya, ina zan fito da kwalba a hau tambayata na mene ne? Sati biyu ban sha ba, ko ciwon kai ban yi ba. Sai na ce ashe ni ma zan iya zama kamar kowa. Da HIV aka haife ni, tun ban san kaina ba nake haɗiya. Shekarata goma sha tara. Na gaji ne kawai.

Alhamis, 9 ga Mayu
An ɗebi jinina a asibiti, za a auna yawan ƙwayar cutar. Wannan kam ban san yadda zan yi masa wayo ba.
Wajen fitowa na yi kiciɓis da Chidinma, mai sayar da takalma daura da shagon atamfar da nake aiki a Kasuwar Sabon Gari. Katin asibitin da ke hannunta irin nawa ne. Mun haɗa ido, kowacce ta kau da kai.

Asabar, 11 ga Mayu
Duk wanda ya tsaya a rumfarta sai gabana ya faɗi. Na ga tana dariya da wata, na ce shi ke nan, ta tona min asiri.

Alhamis, 23 ga Mayu
Sakamako ya fito. Sista Veronica, nas ɗin da ta san ni tun ina firamare, ta rufe ƙofa. "Ruwaida, bara ko ganin ƙwayar ba a yi a jininki. Yau ta haura dubu arba'in. Kina sha?" Na ce ina sha. Ta ce ba faɗa za ta yi ba, bayan wata uku za a sake gwaji. In ina sha ba ta sauka ba, maganin ya daina yi min aiki, sai a canja wani. Na ce in wancan ma ya daina fa? Ta ce mu fara da wannan tukuna.
Ban san yadda na kai gida Rijiyar Lemo ba.

Lahadi, 26 ga Mayu
Ƙuraje a wuyana. Siket ɗin sallata yana zamewa. Ina so in koma sha, ina tsoron in sha a ce ya riga ya daina aiki.

Talata, 4 ga Yuni
Umma ta ga ƙwayar maganin a banɗaki, ruwa bai tafi da ita ba. Na zata duka ne. Zama ta yi a bakin gado. "Haka babanki ya yi. Wata shida yana ce min yana sha." Ni zazzaɓi aka ce min ya kashe shi.
Na sha a gabanta. Ta ce in buɗe baki ta duba, kamar 'yar yaye. Na buɗe.

Laraba, 19 ga Yuni
Chidinma ta zo shago wai duba atamfa. Da Alhaji mai shagon ya fita salla ta rage murya: "Wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba, na zata za ki faɗa wa mutane." Ashe! Ita ma ta taɓa dainawa, sai da ta yi sati biyar a gadon asibiti. Ta ce ƙarfe bakwai na safe take shan nata, ko ta riƙa yi min filashin a waya don ta tuna min? Na ce ba na bukata. Ta karɓi lambata duk da haka.

Alhamis, 5 ga Satumba
Sun sake ɗibar jini. Ban iya cin komai ba.

Alhamis, 19 ga Satumba
Ɗari da tamanin. Na sa Sista Veronica ta maimaita. Ta ce maganin yana aiki, saura kaɗan ƙwayar cutar ta sake ɓacewa a gwaji. Umma ta yi ta kuka a adaidaita sahu har direban ya waiwayo yana ba ta haƙuri.
Ni har yanzu tsoron bai sake ni ba. Na san zan iya sake gajiya.

Litinin, 23 ga Satumba
Bakwai ta wuce da kwata, ba filashin ɗin da Chidinma ta saba yi min. Ni na riga na sha nawa tun ina kan sallaya. Na kira ta sau uku kafin ta ɗaga, wai makara ta yi. Ban kashe wayar ba sai da na ji ta haɗiye.
Ba wai na damu ba ne. Kati ne da ni a waya, shi ya sa.