Hantar Akuya a Ɗakinmu

Litinin, 6 ga Oktoba
Yaya Shagufta ta mayar da ɗakinmu mahauta. A asibitinsu na nan Multan ta Pakistan akwai injin da masu koyon tiyata ke gwada hannu a kai, amma layi ya yi yawa. Sai ta huda kwalin mangwaro, ta saka hantar akuya a ciki, tana cire madaciya da dogon almakashi ta ramukan. Ni ce mai riƙe wayar da ke ɗaukar cikin kwalin, ita tana kallon hoton a talabijin. Ƙarnin har littafina ya kama, daidai shafin da jarumin zai furta wa jarumar cewa yana son ta.

Laraba, 8 ga Oktoba
Ta fasa madaciyar, koren ruwa ya malale. Ammi kuwa ba ta zubar da nama, ta wanke ta soya. Abba ya dangwala gurasar roti, ya yamutsa fuska: "Likita, Allah ya jiƙan majinyacin yau." Yaya ba ta yi dariya ba. Ni shayi kawai na sha.

Asabar, 11 ga Oktoba
Likitocin cikin littafi ba sa ƙarni. Bakin taga suke tsayawa, suna ƙamshi.

Talata, 14 ga Oktoba
Ta sake fasawa. Wai laifina ne, in na kau da kai wayar ma kaucewa take. Na ce to ƙyama nake ji, dole ne? Ta ajiye almakashin. "Nimra, jibi za a gwada ni a injin. Na taɓa faɗuwa. In na sake, sun cire ni daga tiyata." Ba wanda ya sani a gidan nan.

Laraba, 15 ga Oktoba
Na ɗaure hanci da gyale na kalla. Akwai wata 'yar jijiya siririya kamar taliya, ita ake ɗaurewa kafin a yanke. Ƙazanta dai. Sai da madaciyar ta fito ɗungurungum na lura na daina numfashi. "Hannunki ko motsi, sarauniyar soyayya," in ji ta.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Ta ci gwajin. Ta ce in jefar da kwalin, na huta.

Yana ƙarƙashin gadona. Ɗazu na gwada ɗaukar ƙwayar wake da almakashin ta ramin, don dai in ga ko da wuya. Da wuya. Gobe in an tafi kasuwa zan sake. Wake kawai, ba hanta ba. Tukuna.