Rabon Gado Tun da Rai

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangiji. Daga Kafanchan nake rubuto miki. Ruwa ya ɗauke, ana shirin tonon citta.

Mama, ke ma kin san kin ba mu dariya. Zazzaɓi ya ɗan taɓa ki, sai ki tara mu ki hau rabon kaya. Akuya ga yayana Bulus, tukunya gare ni, har tabarmar da kike kwance a kai. Kwana biyu kin warware, ki aiko a ara miki tukunyarki. Duk Godogodo ba wanda bai san halinki ba.

Sai da na girma kika gaya mini dalili. Kaka, mahaifiyarki, baiwa ce, tana yarinya aka kamo ta daga kan dutse. Ta yi noman ubangida da rana, ta yi ɗan nata da yamma, har ta tara awaki. Ranar da ta rasu, kafin a gama binne ta an kora awakin, an ɗauke har fartanya, wai bawa da abin hannunsa duk na mai shi ne. A gidajen da bauta ba ta shiga ba, ɗa yana ɗorawa daga inda uba ya tsaya. Ke kuwa hannu biyu kawai kika gada. Kikan ce, "Abin da ban miƙa da hannuna ba, ba zai kai gare ku ba." Bauta ta ƙare tuntuni, tsoron ne bai sake ki ba.

Wannan karon kin tafi cikin barci, ba ki sami damar rabo ba. Ba zan ɓoye miki ba, ni da nake malamar makaranta mai albashi, bayan jana'iza na zauna a ƙofar gida ina duban hanya. Keke ya wuce, gabana ya faɗi.

Ba wanda ya zo ƙwace, Mama. Dattawan ikilisiya ne suka zauna suka raba mana lami lafiya. Bulus ya riƙe gona, ni na ɗauki awaki. Na sayar da wasu na sa jikarki Rahila makarantar Kagoro. Da ƙawayenta suka tambaye ta wa ya biya, ta ce gadon kakarta ne. Ta faɗa ko a jikinta, kamar abin da aka saba yi a gidanmu. Na yi kuka, amma na daɗi.

Ubangiji ya ba ki hutu a wurinsa. In kin ga Kaka, ki gaya mata wannan karon gadon ya iso hannunmu.

'Yarki,
Saratu